Yadda Ake Haɗa Abincin Jatan Lande da Garin Ciyawar Teku

A gonar jatan lande, ko a Indonesiya take ko Indiya ko Ekwado, abinci ne ke cinye kusan rabin kuɗin kiwo, kuma a cikin abincin babu mai cin kuɗi irin garin kifi. Shi ya sa ido ya koma kan ciyawar teku. Sai dai ka sani tun yanzu, ciyawar teku ba ta kama ƙafar garin kifi a furotin ba. Kilo ɗaya na garin kifi mai kyau yana ɗauke da furotin giram 600 zuwa 650, busasshiyar ciyawar teku kuwa yawanci giram 100 zuwa 250 ce. Da lissafi ake sa ta, kaɗan, ta rage wani ɓangare na garin kifi, ta kuma taimaka wajen riƙe ƙwayar abincin a cikin ruwa. Wanda ya kwashe garin kifi ya maye gurbinsa da ciyawa mudu da mudu, zai ga jatan landensa suna ci ba sa girma.

Haɗin da ke ƙasa na farin jatan lande ne, wanda ake kira vannamei, daga nauyin giram 3 zuwa sama. Shi furotin kashi 32 zuwa 36 cikin 100 ya ishe shi. Mai zane, wato monodon, yana son kashi 40 ko kusa da haka.

Kayan aiki

Sikeli biyu: babba na kilo, da ƙarami mai auna giram. Baho uku na wanki. Raga ko tabarmar shanya da aka ɗora a kan katako, ba a ƙasa ba. Injin niƙa. Rariya mai laushi, lamba 60 in da hali, in babu a sami rariyar fulawa mafi laushi. Injin niƙa nama mai faranti da hujin milimita 2. Tukunya da madambaci. Kofin gilashi. Buhu mai leda a ciki. Farantan gwajin ci, waɗanda ake yi da raga a kan firam mai faɗin santimita 80 ko ƙasa da haka.

Kayan haɗi na kilo 10

Garin kifi, kilo 2.4
Garin waken soya da aka tatse mansa, kilo 3
Garin kan jatan lande dafaffe, giram 500
Fulawa, kilo 2.9
Garin ciyawar teku, giram 500, wato kashi 5 cikin 100 na haɗin
Man kifi, giram 250
Lesitin na waken soya, wani maiƙo da ake fitarwa daga waken, giram 150
Haɗin bitamin da ma'adinai na jatan lande, giram 200
Sinadarin fosfaras na abincin dabbobi, MCP, giram 100

1. Zaɓen ciyawa

Nan ne aka fi yin asara, domin ciyawar teku iri-iri ce kuma ba duka ke da amfani a wannan aiki ba.

Ulva ita ce ta farko. Koriya ce shar, falle-falle, in ka ɗaga ta kana hango haske ta cikinta. Tana fitowa a kan duwatsun gaɓa da bakin kogi inda ruwan daɗi ke haɗuwa da na gishiri. Furotin ɗinta yakan kama daga kashi 10 zuwa 25, kuma ya danganta da ruwan da ta tsiro a ciki. Wadda ta girma a magudanar ruwan kududdufin kiwo, inda kashin jatan lande ya cika ruwan da naitirojin, ta fi ta buɗaɗɗen teku furotin nesa ba kusa ba. Launi ma yana nunawa: mai duhun kore ta ƙoshi, mai fari-fari ko rawaya-rawaya ta rame.

Gracilaria ce ta biyu, ja-ja ko ruwan hanta, zare-zare. A Sulawesi ta Kudu a Indonesiya ana nomanta a cikin kududdufi ɗaya da kifi da jatan lande. Furotin ɗinta bai yi nisa da na Ulva ba, kuma tana da yauƙin da ke ɗaure ƙwayar abinci tamau.

Irin da matan Zanzibar ke nomawa tun 1989, wato spinosum da cottonii, don yauƙinsu ake noma su. Furotin ɗinsu bai kai kashi 10 ba. In su ka samu, sa kashi 2 ko 3 don ɗauri, kada ka lissafa su cikin masu ba da furotin.

Sai Sargassum, ruwan ƙasa, mai 'yan ƙululai na iska da ke sa ta yawo a saman ruwa. Tun 2011 take tarin tsiya a gaɓar Afirka ta Yamma, daga Saliyo har Ghana da Najeriya, kuma ganin ta kyauta a zube yana jan hankali. Furotin ɗinta kaɗan ne, ga toka da yawa, wato gishiri da ma'adinai, sannan an san ta da tara gubar asenik. Ban ga dalilin sa ta a abincin abin da mutane za su ci ba sai an kai samfurinta ɗakin gwaji an tabbatar da tsabtarta.

Kowace iri ce, a ɗebo ta da ranta. Wadda ta kwana a yashi ta fara warin ruɓaɓɓen ƙwai a bar ta. A guji wadda ke kusa da tashar jiragen ruwa, bakin kwata ko inda masana'antu ke zubar da ruwa, don ciyawar teku tana zuƙe dalma da sauran ƙarafa daga ruwan da take ciki.

Ka yi lissafin ɗiba da kyau. Ɗanyar ciyawa kashi 85 zuwa 90 ruwa ce. Kilo 10 zai ba ka kilo ɗaya zuwa ɗaya da rabi na busasshiya, saboda haka giram 500 na gari yana son ɗanya kilo 5.

2. Wanki

A baho na farko, da ruwan teku mai tsabta, a girgije yashi, a tsince ƙananan kaguwa, dodon koɗi, igiyar leda da duk abin da ya maƙale. Tsince kaguwa ba ƙaramin abu ba ne. Ƙananan kaguwa da jatan landen daji suna ɗaukar ƙwayar cutar farin tabo, wadda ke iya share kududdufi guda cikin 'yan kwanaki.

Baho na biyu da na uku na ruwan daɗi ne, minti 5 zuwa 10 kowanne. Wannan ke rage gishiri. Kada a jiƙa ta ta kwana. Ruwan daɗi yana fasa jikin ciyawar, furotin mai narkewa da sinadaran da ke jawo jatan lande ga abinci su bi ruwa. In ka ga ruwan ya fara rinewa da launin ciyawar, lokaci ya wuce. A tsane ta a kwando rabin awa.

3. Shanya

A baza ta siririya a kan raga, kaurin bai wuce yatsa biyu ba, a riƙa juyawa bayan kowane awa biyu. Ulva tana manne wa juna, in ba a ɓamɓare ba sama ta bushe ciki ya ruɓe. Inuwa mai iska ta fi tsakar rana, don rana mai zafi tana kashe launi, kuma launin nan yana cikin abin da ake nema. Kwana biyu zuwa uku ya isa a lokacin rani. Da yamma a shigar da ita, saboda gishirin da ya rage yana jawo raɓa.

In damina ce, a yi amfani da ma'ajin busar da kifi ko tanda a kan digiri 50 zuwa 60, a bar ƙofa a ɗan buɗe. Kada hayaƙi ya taɓa ta. Ta bushe in ka murza ta a tafin hannu ta farfashe da ƙara. In tana lanƙwasa, da saura.

4. Niƙa da tankaɗe

Jatan lande ba ya haɗiyar abinci ɗungurungum. Riƙe ƙwayar yake da ƙananan ƙafafunsa yana gatsa a hankali, kuma hanjinsa gajere ne. Duk abin da bai niƙu ba, yadda ya shiga haka zai fita. Bayan haka, tsakin da ya rage a cikin ƙwaya shi ne ƙofar da ruwa ke bi ya wargaza ta.

Don haka a niƙa ciyawar, a tankaɗe, a mayar da tsakin inji. Gracilaria tana da taurin kai, sai an yayyanka ta da almakashi an ƙara shanya ta awa ɗaya kafin a zuba a inji. Ba ciyawar kaɗai ba, garin kifi da na waken soya da na kan jatan lande duk sai sun bi rariya ɗaya. A wanke injin bayan an gama, gishiri yana cin ƙarfe.

5. Tsimawa, ga mai hali

Ana iya tsallake wannan mataki in kashi 5 za a sa. Amma mai niyyar kaiwa kashi 10 ya daure ya yi. Furotin ɗin ciyawar teku a kulle yake a cikin yauƙi da zare waɗanda cikin jatan lande ba ya iya narkarwa sosai, tsimawa ce ke sassauta su.

Ga kilo ɗaya na gari: ruwa mai ɗumi lita ɗaya, mazarƙwaila ko sukari giram 50, yis na burodi giram 10, kindirmo cokali uku. A cakuɗa, a danna a bokiti mai murfi, a shimfiɗa leda a saman haɗin don hana iska. A buɗe sau ɗaya a rana iskar da ta taru ta fita. Bayan kwana uku zuwa biyar zai yi ƙamshin tsami mai daɗi. In ya yi ɗoyi ko ya fitar da baƙar fumfuna, a zubar. A shanya, a sake niƙawa. Ana iya sa shi da danshinsa kai tsaye a kwaɓi, amma sai a tuna rabinsa ruwa ne, a ninka awo, a rage ruwan kwaɓi.

6. Lissafin haɗi

Wannan shi ne zuciyar aikin, kuma ba shi da wuya. A ninka nauyin kowane abu da kason furotin ɗinsa, a tara.

A ce garin kifinka kashi 60 ne, waken soya 45, kan jatan lande 40, fulawa 12, ciyawa 18. Garin kifi kilo 2.4 ya ba da giram 1,440. Waken soya kilo 3, giram 1,350. Kan jatan lande, giram 200. Fulawa kilo 2.9, giram 348. Ciyawa giram 500, giram 90. Jimla 3,428 a cikin kilo 10, wato kashi 34.3.

Haɗin da babu ciyawa a ciki yana da garin kifi kilo 2.5, fulawa kilo 3, da dusar shinkafa giram 300, sauran duk ɗaya. Shi kashi 34.5 yake bayarwa. Ka ga ke nan rabin kilo na ciyawa giram 100 kacal na garin kifi ya ture, sauran gurbin na dusa da fulawa ne. In aka kai ciyawar kilo ɗaya, garin kifi ya koma 2.3, fulawa 2.5, a sami kashi 34.1.

Yanzu duba abin da ke faruwa in aka cire kilo guda na garin kifi aka sa kilo guda na ciyawa: an fitar da giram 600, an shigar da 180, abincin ya faɗo kashi 30. Ga kuma toka da ta ƙaru, domin kashi 20 zuwa 40 na busasshiyar ciyawa gishiri ne da ma'adinai waɗanda ba sa ba da ƙarfi.

Mai son rage garin kifi sosai, zuwa kilo 2 misali, dole ya ɗaga waken soya zuwa 3.5, ya ƙara man kifi kaɗan, ya sa metiyonin, ɗaya daga cikin sinadaran da ke gina furotin, kamar giram 20, domin waken soya da ciyawa duk suna da ƙarancinsa. A gaskiya a nan waken soya ne ke ɗauke da nauyin, ciyawa rakiya ta yi.

Wani abin lura ga wanda ya kai samfuri ɗakin gwaji: yawanci naitirojin suke aunawa su ninka da 6.25. Ga ciyawar teku wannan yana kumbura sakamako, don wani naitirojin ɗinta ba na furotin ba ne. Ninkawa da 5 ta fi kusa da gaskiya. In takarda ta ce kashi 22, ka yi lissafinka da 18.

Kada a cire garin kan jatan lande don tsimin kuɗi. Jatan lande ba ya ƙera kolestarol a jikinsa, daga abinci yake samu, kuma da shi yake saɓa ɓawo. Garin kai da garin kifi ne ke ba shi, ciyawa ba ta bayar da isasshe. Sai dai kan ya zama dafaffe kafin a busar, saboda cutar da aka ambata. In waken soya ya yi wuya ana iya sa ƙuli-ƙulin gyaɗa marar yaji a madadin sulusinsa, amma sabo wanda bai taɓa fumfuna ba, don gubar fumfunar gyaɗa tana lalata hantar jatan lande. Ɗanyen waken soya kuma ba a sa shi sai an soya ko an turara.

7. Kwaɓi

A ware giram 500 daga fulawar a yi talge da ruwa lita ɗaya da rabi, a dafa har ya yi kauri ya daina fari. Dafaffen sitaci ne babban abin ɗauri. In fulawa ta yi tsada, garin rogo yana iya maye sulusinta.

A haɗa bitamin da MCP a cikin gwangwani biyu na fulawa tukun, sannan a zuba a sauran garin. Giram 200 ba ya bazuwa a kilo 10 in an watsa shi haka kawai. A juya busasshen haɗin minti 10. A gauraya lesitin da man kifi, a ɗan ɗumama su in sun yi kauri, a zuba a hankali ana murzawa har dunƙulen mai ya ɓace. Sai talge, sai ruwan zafi kaɗan-kaɗan.

Jimlar ruwa, har da na talge, lita 3 zuwa 3.5 ne. Garin ciyawa yana shan ruwa a hankali, musamman Gracilaria, don haka a rufe kwaɓin a ba shi minti 15 kafin a yanke hukuncin ƙari. A dunƙula a hannu: ya riƙe siffa, ruwa bai tsatso ta tsakanin yatsu ba, in an danna da babban yatsa ya tsage biyu.

8. Fitarwa, turarawa da busarwa

A tura kwaɓin a injin nama, ya fito kamar taliya. In yana fitowa a kakkarye da kaushi, ruwa ya yi kaɗan ko niƙa bai yi ba. In yana manne wa juna, ruwa ya yi yawa, a barbaɗa fulawa a sake turawa. Turawa sau biyu tana ƙara masa ƙarfi.

A shimfiɗa a madambaci a turara minti 5 zuwa 8. Masu gaggawa suna tsallake wannan, abincinsu kuma shi ne ke narkewa kafin awa ɗaya. Kada a wuce minti 10, zafi yana kashe bitamin. Shi ya sa ya kamata a duba takardar haɗin bitamin a tabbatar bitamin C ɗinsa irin mai jure zafi ne.

A busar a inuwa mai iska ko a digiri 60, har ya karye ƙaras a tsakanin yatsu. A kakkarya tsawon milimita 3 zuwa 5. Ga ƙanana da ba su kai giram 3 ba, a ɓarza a tankaɗe, a ba su tsakin, garin a mayar kwaɓi na gaba.

9. Gwajin kofi

A ɗebi ruwan kududdufin a kofin gilashi, a jefa ƙwaya goma. Dole su nutse, don a ƙasa jatan lande ke kiwo. A ɗan kaɗa kofin bayan kowane rabin awa. Abinci mai kyau zai kumbura ya yi laushi amma ya tsaya da siffarsa awa biyu zuwa uku. In ya watse da wuri, a duba abu uku bi da bi: laushin niƙa, dahuwar talge, tsawon turarawa. Wani lokacin kuma yawan ciyawar ne. Kaɗan tana ɗaurewa, in ta wuce kashi 10 sai ta sha ruwa ta fasa ƙwayar daga ciki.

10. Gwajin kiwo

Kada a juye sabon abinci a kududdufi gaba ɗaya. A kafa kejin raga huɗu a gefe, shida in da hali, a zuba jatan lande 50 masu girma ɗaya a kowanne. Rabi su ci tsohon abinci, rabi sabo. A shigar da sabon a hankali: kwata a kwana biyun farko, rabi a biyu na gaba, cikakke a ƙarshen mako.

Masu giram 3 zuwa 5 suna cin kusan kashi 5 zuwa 6 na nauyinsu a rana, masu giram 10 zuwa 15 kashi 3, a raba sau huɗu. A ɗaga faranti bayan awa biyu. In ya share, ci yana tafiya daidai. In akwai saura a kejin sabon abinci kaɗai, ƙamshin bai yi musu ba, a ƙara garin kai ko a rage ciyawa. A ɗaga ɗaya a haske a duba layin hanjin da ke bayansa: ya zama cike, ba a yanke-yanke ba. Kashi mai ɗan kore ba matsala ba ne. Kashi dogo, mai yawa, mai sanɓi, alama ce zare ya yi yawa.

A auna nauyi kowane mako har mako shida zuwa takwas, a ƙirga waɗanda suka rayu. A raba abincin da aka bayar da nauyin da suka ƙara: giram 600 na abinci da ya ba da ƙarin giram 400 ya zama 1.5. In sabon abinci bai wuce tsohon da fiye da 0.1 ba, kuma mutuwa ba ta ƙaru ba, ana iya gwada kashi 7 ko 8 a zagaye na gaba. A dafa kaɗan daga kowane keji a jera a faranti ɗaya. Masu cin koriyar ciyawa sukan fi ja, kuma mai saye yana kallon wannan.

11. Ajiya da lissafin kuɗi

Sai abinci ya huce sarai kafin a ɗaure buhu. A ɗora a kan katako, nesa da bango. A iskar bakin teku, abin da za a cinye cikin mako huɗu kawai za a haɗa, domin ragowar gishirin ciyawa yana jawo danshi, man kifi kuma yana yin ɗaci. Garin ciyawa shi kaɗai yana kai wata shida a leda ɗaurarriya a wuri mai duhu.

Kafin a ɗauki wannan hanya dindindin, a zauna a yi lissafi na ƙarshe. A tara kuɗin ɗiba, ruwan wanki, shanya da niƙa na kilo ɗaya na gari, a kwatanta da kuɗin abin da ya ture a haɗin: giram 200 na garin kifi, giram 200 na fulawa da giram 600 na dusa. In ciyawar saye ake yi daga nesa, da wuya ta ci riba. In kuwa a magudanar ruwan gonarka take girma, tana tsotse ammoniya kafin ruwan ya fita, kuɗinta ƙwadago ne kawai. A nan sai a riƙa girbe ta duk mako biyu, kada a bari ta rufe fiye da sulusin saman ruwan, don da dare ita ma iskar ruwan take shaƙa, kuma wadda ta tsufa ta mutu a ƙasa tana mayar da duk abin da ta tsotsa.